Kafin ka biya dala don tace bidiyon kammala karatu, tsaya mu yi lissafi

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan Arewa da ke karatu a nan Abuja, na Gwagwalada da na babban matsugunin jami'a da ke hanyar filin jirgi, da 'yan uwanmu na Baze da Nile da sauran makarantu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshensa, domin maganar kuɗi ce, kuma kowa ya san yadda aljihun ɗalibi yake a wannan zamanin.

Duk ƙarshen zangon karatu tambaya ɗaya ce ke yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp: "Don Allah wace manhaja ce ta fi kyau wajen haɗa bidiyo?" Wani zai haɗa na ranar sa hannu a farar riga, wata na walimar saukar ƙanwarta, wani na bikin yayansa, wasu kuma na ranar al'adu ta ƙungiyar ɗaliban jiharsu. Amsar da ake bayarwa kullum iri biyu ce. Akwai masu cewa a biya ta kuɗi don ita ƙwararru ke amfani da ita, akwai kuma masu turo adireshin wadda aka fasa, wai komai a buɗe yake kyauta. Ni a ganina duka biyun ba su dace da ɗalibi ba. Bidiyon gida irin namu, manhajar kyauta ta halak ta ishe shi har ta yi saura, kuma ɗan kuɗin da ke hannunka akwai inda ya fi buƙatarsa.

Mu fara da lissafi. Premiere Pro na kamfanin Adobe, wadda ake yawan yi mana kwatance da ita, kusan dala 23 ce a kowane wata idan ita kaɗai ka ɗauka. Tun 2013 kamfanin ya daina sayar da sababbin sigoginta a biya sau ɗaya a huta, ya koma tsarin kuɗin wata-wata. Idan muka yi lissafi a kan naira 1,500 kowace dala, wajen naira 34,500 ke nan a wata. Kuɗin ɗawainiya da asusun NELFUND ke bai wa ɗalibi naira 20,000 ne a wata. Wato ko ka haƙura da cin abinci, ka haƙura da kuɗin mota daga Giri zuwa cikin gari, ka miƙa kuɗin gaba ɗaya, ba su kai ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, ka ga kusan rabinsa ke nan a kan manhaja ɗaya. Akwai rangwamen ɗalibai, gaskiya ne, amma shi ma da dala ake ƙiyasta shi, kuma yana ƙarewa.

Ga kuma abin da ya fi damuna da tsarin wata-wata. Farashin ba a hannunka yake ba. Kafin a saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. A cikin 2024 ta haura 1,500. Wanda ya shiga biyan wata-wata kafin lokacin, ba a ƙara masa ko maɓalli ɗaya ba, amma kuɗin da ke fita daga asusunsa ya ninka har sau uku. Ranar da ka kasa biya kuma, ƙofa ta rufe, aikin da ka fara ba ka da hanyar ƙarasa shi. Haya ce, kuma mai gidan a wata ƙasa yake, ba ya jin "wallahi ƙarshen wata zan biya".

To, sai wani ya ce shi ya sa ai muke sauke wadda aka fasa. Nan ma tsaya. Wanda ya zauna ya fasa manhajar kamfani, ya buɗe shafi, yana biyan kuɗin ajiye ta a intanet don kai ka sauke kyauta, ka taɓa tambayar kanka me yake samu? Ba ɗan uwanka ba ne, bai san ka ba. Irin waɗannan manhajojin sananniyar hanya ce ta cusa wa mutane ƙwayar cutar kwamfuta da masu satar kalmar sirri. Kuma manhajar tace bidiyo ba ta aiki sai ka ba ta izinin shiga ma'ajiyar hotunanka. Yanzu duba abin da ke cikin wayar: manhajar bankinka, saƙonnin lambar sirri da banki ke turowa, hoton katin NIN, takardun makaranta, hotunan mahaifiyarka da ƙannenka mata a cikin gida ba mayafi. Duk wannan ka miƙa wa wanda ba ka sani ba don kawai a cire maka tambari a gefen bidiyon minti biyu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban da haka akwai maganar haƙƙi, domin kayan wani ne aka ɗauka ba da yardarsa ba, kuma bai kamata mu saba da hakan ba tunda ga na halak a zube.

Yanzu ga tambayar da ya kamata a fara yi wa duk mai neman shawara: da wace na'ura za ka yi aikin? Nan ne zancen yake. Manhajar da ta fi kowace kyau a duniya, idan na'urarka ba za ta iya ɗaukarta ba, wahala kawai ka saya.

Idan waya ce a hannunka, irin Tecno ko Infinix ko Redmi da yawancinmu ke riƙewa, VN tana fitar da bidiyo ba tare da tambari ba, kuma tana da layuka da yawa na ɗora hoto da sauti da rubutu. InShot tana da sauƙin koyo, tambarinta kuma ana cire shi ta hanyar kallon talla. Edits, wadda Instagram ya fitar a watan Afrilun 2025, kyauta ce kuma ba ta saka tambari, sai dai tana buƙatar ka shiga da asusunka na Instagram. CapCut kowa ya san ta, ta kamfanin ByteDance ce mai TikTok, kuma tana da daɗin aiki, amma abubuwa da dama da muka saba samu kyauta sun koma ɓangaren masu biya. Shawarata a nan, kafin ka ɓata awa uku kana jera hotuna, ka gwada fitar da bidiyon daƙiƙa goma da irin kwalliyar da kake so. Idan za ta nemi kuɗi, gara ta nema tun da wuri. KineMaster da Filmora kuwa suna manna tambarinsu a bidiyon wanda bai biya ba. Masu iPhone, ku kuna da iMovie kyauta daga Apple, kuma wallahi da yawanku ba ku taɓa buɗe ta ba.

Idan laftof ce, duba RAM ɗinta tukuna. Yawancin laftof ɗin da muke sayowa na hannu 4GB ne ko 8GB. Irin waɗannan Shotcut ta dace da su, ko Kdenlive, ko OpenShot. Dukansu kyauta ne har abada, ba tambari, ba rajista, ba sa buƙatar intanet bayan ka sauke su, domin masu sa kai ne ke gina su kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta su. Masu Shotcut da kansu sun ce 8GB ya isa aikin bidiyon HD, 16GB kuma na 4K. Mai Windows 11 yana da Clipchamp, wadda Microsoft ya saya a 2021, tana fitar da 1080p ba tambari, amma tana son intanet, kuma mun san yadda data ta yi tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025.

Wanda Allah ya hore wa laftof mai 16GB da katin hoto mai ƙarfi, ya sauke DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design da ke Ostireliya. Wannan ita ce ake gyaran launin manyan finafinan duniya da ita, kuma sigarta ta kyauta tana fitar da bidiyo har 4K ba tambari. Ta kuɗin dala 295 ce, biya ɗaya, amma abin da ke cikinta na ƙari ba mai haɗa bidiyon suna ne ke buƙatarsa ba. Sai dai kar ka ɗora ta a kan 4GB ka zo kana cewa ba ta da kyau. Jaki ba ya ɗaukar kayan raƙumi.

Wata dabara ga mai ƙaramar na'ura: Shotcut da Kdenlive da Resolve duk suna iya yin ƙaramin kwafi mara nauyi na bidiyonka, ka yi aikin yanka da jerawa a kansa, idan ka zo fitarwa sai su koma kan na asali. Wannan kaɗai yana raba mutum da tsayawar da kwamfuta ke yi. Sannan a daina ɗauka da 4K ba dalili. A saitin iPhone an rubuta cewa minti ɗaya na 1080p wajen 60MB ne, na 4K kuma wajen 170MB. Kusan ninki uku ke nan na wuri da data da caji, alhali a ƙarshe a WhatsApp za a kalla, shi kuma matse shi zai yi. Da 1080p ka wadatu.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa wanda ke son ya mayar da tace bidiyo sana'a, a gidajen talabijin da kamfanonin talla na Abuja za a tambaye shi ko ya iya Premiere. Haka ne, ana tambaya. Idan ka kai matakin da ake biyanka kuɗin aiki, biyan manhaja ya zama jari, kamar tela da keken ɗinkinsa, kuma ba ni da ja a kai. Amma abin da ake koya a tacewa, wato sanin inda za a yanke, yadda za a daidaita sauti, yadda za a jera labari ya yi ma'ana, iri ɗaya ne a ko'ina. Wanda ya ƙware a Resolve ko Kdenlive ba zai daɗe ba zai gane kan Premiere, kamar wanda ya iya tuƙi ne aka canja masa mota. Ka koya a ta kyauta, idan aiki ya fara kawo kuɗi sai aikin ya biya wa kansa.

Masu cewa kayan kyauta ba ya yin kyau kuma, ga Kaduna nan kusa da mu. A 2019 duniya ta san wasu matasa masu kiran kansu The Critics, waɗanda suke haɗa gajerun finafinan ƙirƙirar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, suna yin siddabarun hoton da Blender, manhajar kyauta. Aikin ya kai har J.J. Abrams, daraktan da ya yi Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki a 2020. A watan Maris na 2025 fim ɗin Flow daga ƙasar Latbiya ya ci kyautar Oscar ta finafinan zane, kuma da Blender aka yi shi. Mu dawo gida ma, Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a kaset na bidiyo aka yi shi, kuma daga nan masana'antar Kannywood ta taso. Wayar da ke aljihunka yanzu ta fi kyamarar da suka yi aiki da ita fitar da hoto nesa ba kusa ba. Saboda haka idan bidiyonka bai yi kyau ba, da wuya a ce laifin manhaja ne.

Akwai ɓangaren da ba mu cika tattaunawa ba, kuma a wurina ya fi maganar kuɗi nauyi. Bidiyon gida akwai mutane a ciki, kuma mutanen nan namu ne. A watan Yunin 2025 CapCut ya sabunta sharuɗɗan amfani da shi, abin ya tayar da ƙura a duniya, saboda sharuɗɗan sun bai wa kamfanin lasisi mai faɗi na amfani da abin da mutum ya ɗora a rumbunsa ba tare da biyansa ba. Kamfanin ya ce mallakar abin tana nan a hannun mai shi, kuma gaskiya irin wannan sharaɗin akwai shi a manyan shafukan sada zumunta da dama. Amma darasin a fili yake. Bidiyon kamu, ko na lalle, ko na cikin ɗakin amarya, inda mata suka saki jiki don sun san su kaɗai ne, bai kamata ya hau rumbun wani kamfani ba. Ka kashe ajiyar intanet ta cikin manhajar, ko ka yi aikin da wadda ba ta taɓa intanet kwata-kwata. A nan ne Shotcut da Kdenlive suka yi wa sauran fintinkau, domin abin da ka tace yana zaune a kwamfutarka.

Haka nan maganar izini. 'Yan uwa maza, ranar sa hannu a riga kowa na cikin murna, ana tsalle ana ihu, kai kuma kana ɗauka. Ba kowace 'yar ajinku ce ke son fuskarta ta fito a TikTok da waƙa a ƙasa ba. Wata matar aure ce, wata an sa mata rana, wata kuma a gidansu da ƙyar aka bar ta ta zo Abuja karatu, kuma bidiyo ɗaya zai iya sa a hana ƙannenta. Mun san irin surutun da ake yi a garuruwanmu kan 'yan matan jami'a, kar mu ƙara wa wutar fetur da hannunmu. Ka tambaya kafin ka saka. Idan ta ce a'a, yanke wurin, ai amfanin manhajar ke nan. Ƙasar nan ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma tun kafin doka tarbiyyarmu ta hana. Ku ma 'yan uwa mata, ƙawarki ta amince ki ɗauke ta a ɗakin kwana, ba ta amince duniya ta gani ba.

Kar kuma ka jingina tarihin gidanku da manhaja ɗaya. A watan Janairun 2025 CapCut ya daina aiki na ɗan lokaci a Amurka tare da TikTok saboda dokar ƙasar, mutane suka wayi gari ba su iya buɗe ayyukansu. Windows Movie Maker da yayyenmu suka yi ta haɗa hotunan biki da ita, Microsoft ya janye ta a 2017. Manhaja tana zuwa tana wucewa. Da ka gama aiki, fitar da shi a MP4, ka ajiye shi wuri biyu aƙalla, tare da ainihin abin da ka ɗauka kafin tacewa. Google Drive yana ba da 15GB kyauta ga abin da ba na sirri ba, sauran kuma a filash ko katin memori a gida. Idan za ka tura wa 'yan uwa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, yana ɗaukar har 2GB kuma ba ya rage masa kyau.

To ina za a kai kuɗin, idan akwai? Ni dai ga yadda zan jera. Na farko makirfo ƙarami na maƙalawa a riga, domin mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma ba sa haƙuri da sautin da iska ta cinye. Na biyu mariƙin waya mai ƙafa uku, don hoto ya daina rawa. Na uku ma'ajiya. Na huɗu, idan laftof ɗinka tana karɓa, ƙarin RAM ko a saka mata SSD, wanda za ka samu a Banex Plaza da ke Wuse 2, kuma amfaninsa zai kai har kan furojet ɗinka na aji huɗu. Waɗannan duk saye ɗaya ne, kayanka ne, babu mai cire maka kuɗi a ƙarshen wata. Haske kuwa kyauta ne, ka sa mutum ya fuskanci taga ko ka ɗauka da hantsi ko bayan la'asar.

Ƙananan abubuwa guda biyu da suka shafe mu mu Hausawa. Idan za ka yi rubutu a kan bidiyo, gwada ƙ da ɗ da ɓ tukuna, domin wasu salon haruffan ba su da su, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar sunan mutum. Noto Sans da Andika suna da su, Gboard kuma yana da allon rubutun Hausa. Fassarar da manhaja ke rubutawa da kanta daga murya ta fi ƙwarewa a Turanci, da Hausa gara ka zauna ka rubuta da hannunka. Sai maganar waƙa. Facebook da YouTube suna iya kashe sautin bidiyo idan ka ɗora waƙar da ke da mai ita, ka ga wahalarka ta tashi a banza. Kuma tsakani da Allah, guɗar gwaggo, da kalangu, da kakakin hawan Daushe, da muryar yara suna tilawa, sun fi kowace waƙar aro daɗi a bidiyon gida. Bayan shekara ashirin su za ka so ji.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake roƙonku. Hutun nan da za mu koma gida, ko Kano ne ko Katsina ko Sakkwato ko Zariya ko wani ƙauye da ba a san sunansa ba, a samu rana ɗaya a zauna da kaka. A jingina waya, a maƙala mata makirfo, a tambaye ta yadda aka yi aurenta, da sunayen iyayenta da kakanninta, da yadda suka yi da fari da yunwar shekarun 1973 da 1974, da yadda garinku yake kafin a kawo kwalta. A tambayi baba yadda ya yi makarantar allo da wanda ya koya masa sana'a. Wannan bidiyon ba ya buƙatar walƙiya ko juyin hoto ko kwalliyar dala. Yanka farko, yanka ƙarshe, ɗaga sauti, rubuta suna da kwanan wata, shi ke nan. Kowace manhaja a cikin waɗanda na lissafa za ta yi shi cikin rabin awa. Da yawanmu ba mu da ko muryar kakanninmu da suka rasu, alhali muna da bidiyon kanmu ɗari muna tafiya a hankali a gaban ɗakin karatu.

Ƙungiyoyin ɗaliban jihohinmu ma suna da rawar takawa. Maimakon kowace shekara a tara kuɗi a ɗauko mai ɗaukar bidiyo daga waje, a ware Asabar biyu, wanda ya iya ya koya wa 'yan aji ɗaya da aji biyu da manhajar kyauta, kowa da wayarsa. Kafin su kai aji huɗu kuna da masu yi muku a gida, wasu ma sun samu abin rufin asiri kafin hidimar ƙasa.

Wanda ya san wata manhajar kyauta ta halak da ban ambata ba, ya rubuta ta a ƙasa tare da irin wayar ko laftof ɗin da ya gwada ta a kai, don mai irin na'urarsa ya amfana. Adireshin wadda aka fasa kuwa, don Allah a riƙe shi, zan goge. Masu jarrabawa Allah ya ba da sa'a, masu fita Allah ya sa albarka a abin da aka karanta, ya kai kowa gida lafiya.